Yadda Ake Cin Gasasshen Nama a Filin Jirgin Sama Ba Tare da Jirgi Ya Tashi Ya Bar Ka Ba

Gidan gashin nama na filin jirgi, irin wanda ake zaunar da kai a tebur a miƙo maka takardar abinci, ba ɗaya yake da na cikin gari ba, ko da sunansu ɗaya ne. Kicin ɗinsa ƙarami ne, wuƙarsa sau da yawa ba kaifi, kuma kowa a ciki agogo na bin sa. Wanda ya yi lissafinsa tun kafin ya zauna zai ci a natse ya tashi. Wanda bai yi ba zai bar rabin nama a faranti, ya biya kuɗinsa cif, ya kwasa da gudu jaka na dukan ƙafarsa.

Lissafin lokaci: daga baya ake farawa

A katin shiga jirgi akwai lokuta biyu, na fara ɗaukar fasinja da na tashi. Na tashi bai shafe ka ba, ka manta da shi. Ƙananan jirage sukan fara ɗaukar mutane minti 30 zuwa 40 kafin tashi, manya masu dogon zango kuwa minti 45 zuwa awa 1. Ƙofa ana rufe ta minti 15 ko 20 kafin tashi a yawancin kamfanoni, kuma in an rufe an rufe, ko da kana hango jirgin ta gilashi.

Ga yadda ake yi. A ce jirgi zai tashi 6:30 na yamma, za a fara shiga 5:50. Daga gidan abincin zuwa ƙofarka tafiyar minti 12 ce. Ka ƙara minti 8 na banɗaki, wanke hannu da cika gorar ruwa. Ke nan 5:30 ya kamata a ce ka miƙe daga tebur, ka riga ka biya. Shi kansa zaman kuwa ga abin da yake ci: minti 5 zuwa 10 kafin a zaunar da kai a karɓi odarka, minti 15 zuwa 25 kafin nama ya fito, minti 20 na ci, minti 5 zuwa 10 na biya. Awa 1 ke nan in ba a sami tangarɗa ba. Saboda haka 4:30 za ka zauna, wato sai ka gama da wurin bincike awa 2 kafin tashin jirgi.

In abin da ya rage maka kafin lokacin miƙewa bai kai minti 45 ba, ka haƙura da nama mai kauri. Tsakanin 45 da 60 za a iya, amma da sharaɗin zaɓen yanka mai saurin gasuwa, kuma a kujerar kanta, gaban ma'aikacin wurin, za ka zauna.

Abin da ya fi rusa wannan lissafi shi ne shingen da ba ka san yana gabanka ba. A manyan filayen Turai irin na Amsterdam da Frankfurt, mai fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ba a duba fasfo a tsakaninsu, sai ya bi layin duba fasfo bayan ya wuce bincike, kuma akwai gidajen abinci kafin wannan layi. A Atlanta da Denver ta Amurka jirgin ƙasa ake hawa tsakanin rukunan ƙofofi, haka ma ƙofofin B da C na ginin Tamina 5 a Heathrow ta Landan. A Changi ta Singafo, a tsofaffin taminoninta, a bakin ƙofa ake binciken kaya. Wasu ƙofofin kuma bas ke kwasar mutane zuwa gindin jirgi, su ma da wuri suke rufewa. Dokar a nan guda ce: ka wuce duk wani layi da ya zama dole tukuna, sannan ka nemi abinci. In ba ka san filin ba, ka taka har ƙofarka ka gan ta da idonka, ka duba agogo, ka dawo. Tafiyar kilomita 1 da jaka a hannu takan ci minti 12 zuwa 15.

Abu biyu kuma game da agogo. In ya da zango ka yi a wata ƙasa, ka tabbata wayarka ta koma lokacin wurin, don wayar da ba ta kama sabis ba takan ci gaba da nuna lokacin inda ka baro. Sannan jinkirin da aka sanar ba alkawari ba ne. Kamfani na iya cewa an ɗaga tashi da awa 2, bayan minti 40 ya sami wani jirgin ya dawo da lokacin baya. Ka kunna sanarwar manhajar kamfanin, kada ka dogara da lasifika: hayaniyar gidan abinci na danne ta, wasu filayen ma irin London City sun daina kiran fasinja da ita.

A bakin ƙofar gidan abincin

Kafin ka yarda a zaunar da kai, ka yi wa mai tarbar baƙi tambaya biyu: minti nawa za a jira tebur, kuma minti nawa kicin ke ɗauka yanzu kafin nama ya fito. Ta biyun ta fi muhimmanci. Ka kuma leƙa da kanka. In tebura da yawa cike suke da mutane amma ba faranti a gabansu, sai kofuna kawai, kicin ya cushe, komai aka gaya maka.

Mai tafiya shi kaɗai ya nemi kujerar kanta. Ma'aikacin wurin ba ya matsawa daga gabanka, shi zai karɓi oda, shi zai karɓi kuɗi, kuma galibi ba a jira. In tebur ne, ka nemi wanda kake hango allon tashin jirage daga gare shi. Jaka ta shiga ƙarƙashin tebur tsakanin ƙafafunka, ba kan hanyar masu ɗauke da faranti ba. Fasfo da katin shiga jirgi su zauna a aljihun da ke jikinka. Kada ka ɗora su kan tebur, nan ne adiko ko takardar abinci ke rufe su a tashi a bar su.

Da mai kawo abinci ya iso, maganarka ta farko lokaci ce, kuma da lamba za ka faɗa: "Dole in tashi daga nan ƙarfe 5:30. Me zai iya fitowa cikin minti 20?" In ka ce sauri kake yi kawai, ba ka ce komai ba, don kowa a wurin haka yake cewa. Ka ba da odar komai a zuwa ɗaya, abin sha da nama da abin haɗawa, ka ce a kawo su tare. In ka nemi abin buɗe baki daban, kicin kan riƙe naman har sai an ga ka gama na farkon, minti 15 ta tafi a banza. A nan kuma za ka ce a kawo maka takardar kuɗi tare da abincin.

Wane yanka

A nan ne ake yin kuskure mafi tsada. Abu uku za ka auna: kaurin naman, kitsensa, da wuƙar da za a ba ka.

Wuƙa tukuna. Bayan wurin bincike ana taƙaita abubuwa masu kaifi, har wuƙaƙen kicin a filaye da yawa ƙirga su ake yi, wasu ma a ɗaure suke da waya. Abin da zai zo teburinka yana iya zama wuƙar ƙarfe mai dakusasshen baki, ko ma ta roba. Ka dubi teburin maƙwabcinka ka ga abin da yake fama da shi. In ta roba ce, ka ce kuku ya yayyanka maka naman kafin a kawo. Suna yi ba gardama, illarsa kawai ya fi saurin hucewa.

File, wato tsokar da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya, ita ta fi kowace laushi kuma ba ta da kitse sosai. Kowace irin wuƙa na cin ta, ciki ma ba ya wahala da ita. Matsalarta kauri: takan kai santimita 4 zuwa 5, sai an babbaka bayanta a ƙarasa ta a oben. Ribayi, naman tsakiyar haƙarƙari, shi ya fi daɗi saboda kitsen da ya ratsa shi, kuma shi ya fi jure doguwar wuta ba tare da ya bushe ba. Amma shi ne zai kwanta maka a ciki awanni kana ɗaure a kujera. Saloyin da sitirif na gadon baya su ne tsaka-tsaki: kitse kaɗan a gefe, kauri kamar santimita 2.5, suna gasuwa da wuri, sai dai suna son wuƙa mai ɗan kaifi. Siraran yanka irin na kafaɗa da na shafin ciki sun fi duka sauri, kuma sau da yawa a yanke ake kawo su.

Masu ƙashi, irin T-bon da babban haƙarƙari mai dogon ƙashi, ka bar su sai ranar da ba ka da jirgi. Naman da ke jikin ƙashi ba ya nuna da wuri, girmansu ya wuce cin minti 20, kuma raba su da ƙashi da dakusasshiyar wuƙa kan ƙare da maiƙo a gaban riga.

Nauyin da aka rubuta na ɗanyen nama ne, yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wuta. Inda ake awo da oza, oza 8 giram 227 ce, oza 12 giram 340, oza 16 giram 454. Ga mai shirin zama a jirgi, giram 170 zuwa 230 ya wadatar. In kuma dogon zango ne da za a kawo abinci bayan tashi da awa 1 ko 2, ka tsaya a ƙaramin.

Yaya za a gasa shi

Za a tambaye ka, kuma amsarka na canza lokacin jira. Matakan ana auna su da zafin tsakiyar naman. Reya, mai jan ciki sosai, digiri 49 zuwa 52 a ma'aunin Salsiyos. Midiyam-reya 54 zuwa 57, ciki ja-ja da ɗumi. Midiyam 60 zuwa 63, tsakiya ruwan hoda. Midiyam-wel 65 zuwa 68, sauran ɗan ja kaɗan. Wel-don 71 zuwa sama, ba ja ko kaɗan. Nama mai kaurin santimita 2.5 yakan kai midiyam-reya da minti 3 zuwa 4 a kowane gefe, wel-don kuwa ya kusa ninka haka. A kan wannan sai a ƙara minti 5 da ake barin sa ya huta don kada ruwansa ya tsiyaye a faranti.

Jan ruwan da ke fita daga naman da bai nuna sosai ba, ba jini ba ne. Ruwan tsoka ne haɗe da wani furotin mai suna mayoglobin, shi ke ba nama launinsa. Duk da haka mutane da yawa ba sa iya cin nama mai ja, kuma ba laifi ba ne. In kana cikinsu, kada ka haɗa wel-don da file mai kauri, don zai ci minti 20 ko fiye ya fito a bushe. Ka ce a tsaga shi biyu a buɗe shi kamar littafi kafin a ɗora, kaurin ya ragu da rabi, lokacin ma haka. Ko ka ɗauki ribayi ƙarami, kitsensa zai kare shi.

Ta fuskar lafiya, hukumar aikin gona ta Amurka ta sa digiri 63 da hutun minti 3 ga yankan naman sa, 71 ga niƙaƙƙen nama, 74 ga kaza. Dalilin bambancin shi ne ƙwayoyin cuta a bayan yanka suke zama, wuta na kashe su, amma niƙa na kai su har tsakiya. Saboda haka in ka koma kan baga, wato niƙaƙƙen nama a cikin burodi, don ƙurewar lokaci, a gasa ta sosai. Mai juna biyu, tsoho, ƙaramin yaro da mai raunin garkuwar jiki kada su sauka ƙasa da 63. Ga kowa ma, midiyam ne zaɓin hankali kafin tafiya, kuma ba ranar gwada ɗanyar kawa ko ɗanyen nama ba ce. Ɓacin ciki a jirgin da mutum 200 ke layin banɗaki kaɗan ba abin wasa ba ne.

Kada ka sa ran ƙamshin gawayi. Kicin da yawa a filayen jirgi da lantarki suke gashi saboda dokokin kashe gobara, don haka bayan naman ba ya yin ɓawon nan mai duhu kamar na gidan gashin cikin gari.

Abin haɗawa, miya da abin sha

Matsin iska a cikin jirgi daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. A wannan matsi iskar da ke cikin hanji tana buɗewa da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Abin da a ƙasa gyatsa ɗaya za ta raba ka da shi, a sama kumburin ciki ne ƙarƙashin bel. Don haka ka kauce wa wake, kabeji, burokoli, soyayyar albasa da lemo mai gas. Maiƙo kuma yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, shi ya sa ribayi da soyayyen dankali da miyar kirim a zama ɗaya ke tayar da ƙwannafi da zarar ka kishingiɗa kujera. Gasasshen dankali ba bota da yawa, farar shinkafa, ko salak marar nauyi sun fi. Miya a ce a kawo ta a gefe, kai za ka san iya abin da za ka zuba.

Laimar iskar jirgi takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, naman gidan abinci kuma gishirinsa da yawa. Ka sha ruwa kamar rabin lita tare da abincin, kada ka ƙara gishiri kafin ka ɗanɗana. Kofi bayan cin abinci sai in kana son ido biyu a jirgi. Mai shan barasa ya sani tana ƙara bushewar jiki, kuma ma'aikatan ƙofa suna da ikon hana wanda ya bugu shiga jirgi.

Mai kiyaye halal sai ya yi tambaya dalla-dalla, don sunan abinci ba ya faɗin komai. A tambayi yankan naman kansa, in akwai takardar shaida a nuna. A wasu gidajen ana naɗe file da siririn naman alade, ana barbaɗa soyayyensa a kan gasasshen dankali da salak. Miyar masoro sau da yawa da barasar burandi ake haɗa ta, baƙar miyar nan mai kauri kuma da jan giya. A tambaya ko a kan ƙarfe ɗaya ake gasa naman sa da na alade. In amsar ba ta gamsar ba, kifi da aka gasa a kasko daban shi ne mafita, kuma ya fi nama saurin fitowa. Mai rashin jituwa da wani abinci, gyaɗa ko madara ko alkama, shi ma tun a oda zai faɗa.

In faranti ya iso

Kafin komai, yanka naman a tsakiya, inda ya fi kauri, mai kawo abincin yana tsaye. In bai kai yadda ka ce ba, a mayar, minti 2 zuwa 3 ya isa a gyara. In ya wuce, ba gyara sai sabo, wato wasu minti 15 zuwa 20, sai ka dubi agogo ka yanke shawara. Yawanci gara ka ci, ka faɗa wa manaja cikin ladabi, wani lokaci a rage maka kuɗi.

Ka dubi yadda zaren tsokar ya kwanta, ka yanka a gicciye, ƙanana. Da dakusasshiyar wuƙa wannan ne bambancin nama mai taushi da mai wahalar tauna. Kada ka danna da ƙarfi, goga ta za ka yi gaba da baya, in ba haka ba faranti ya zame ko cokali mai yatsu na roba ya karye. Ka shimfiɗa adiko, rigar da ke jikinka da ita za ka sauka. Nama za ka fara ci tun da zafinsa, dankali ya jira. Kuma ka tauna sosai, don gaggawar haɗiya iska take tura wa ciki.

Biya

Ka biya tun kana cikin ci, ba sai ka gama ba. Ka karanta takardar: a Ingila sau da yawa an riga an ƙara kuɗin hidima, galibi kashi 12.5 cikin 100, ba sai ka sake ba da tukuici ba. A Amurka ba a saka harajin sayarwa a farashin da ke takardar abinci, kuma ana sa ran tukuicin kashi 15 zuwa 20. A Japan ba a bayarwa sam. In na'urar kati ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarka ko na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake, don canjin da na'urar ke yi ya fi na bankinka tsada kusan kullum.

In takardar cin abinci kamfanin jirgi ya ba ka saboda jinkiri, ko kana da katin shiga falon hutun fasinja irin Priority Pass da wasu gidajen abinci ke karɓa, ka nuna tun kafin oda. Ba kowane gida ke karɓa ba, ba a ba da canji, kuma tukuici ba ya ciki. A Tarayyar Turai doka mai lamba 261 ta 2004 ta wajabta wa kamfani ciyar da fasinja in jinkiri ya kai awa 2 a gajeren zango, awa 3 a matsakaici, awa 4 a dogo, amma sau da yawa sai ka je teburinsu ka tambaya.

Saura, da abincin da ya ƙi fitowa

Naman da ya rage ana iya ƙunshe maka shi ka shiga da shi jirgi, amma dafaffen nama bai kamata ya wuce awa 2 ba firji ba. Ka ci shi da wuri ko ka bar shi. Kada ka sauka da shi a wata ƙasa: Tarayyar Turai ta hana matafiya daga waje shigo da nama, Amurka da Ostareliya kuma suna cin tarar wanda bai bayyana abincin da ke jakarsa ba. Miya ma ruwa ce a wurin masu bincike, in za ka sake bin layi a zango na gaba dokar da ta hana wucewa da ruwan da ya fi mililita 100 na iya hawa kanta.

In minti 20 ta wuce da oda ba labari, ka ɗaga hannu ka tambaya ko an ɗora naman, kada ka yi ta jira don kunya. In saura minti 15 ka miƙe bai fito ba, ka ce a zuba shi a mazubin tafiya, a yayyanka, a sa cokali da adiko, ka biya nan take. In ba a ma ɗora shi ba, ka nemi manaja ya soke odar, ka biya abin da ka sha kawai. Kafin ka bar wurin ka taɓa aljihu ka ji fasfo da kati da waya, ka leƙa ƙarƙashin tebur da soket ɗin da ka sa caja, sannan ka sake duba lambar ƙofa a allo, don takan canza kana tsakiyar cin abinci.